Ranar da muryata ta kusa jefa Baba a korama

Baba ya dawo gida lafiya! Shi da shanunsa biyu da amalanke da kayan da ya sayo, ko ƙwarzane babu. Ni ne dai na bar takalmi ɗaya a cikin ruwa da fatar gwiwata a jikin wani kututture, kuma wallahi ko a jikina. Alhamdulillahi! In kun ga magana ta hau kan magana ku yi mini uzuri. Bon, bari in koma farko.

Ƙauyenmu ƙarami ne, kuma tsakaninmu da hanyar kasuwar Sassumbrum akwai korama. Da rani yashi ce zalla, ka taka ta ka wuce ba ka ma san ka wuce wani abu ba. Da damina kuwa sai ta tuna ita wace ce. Babu gada. Mashiga ɗaya gare mu, inda amalanke da moto, wato babur, da masu ƙafa duk suke bi.

Ni ina lise, wato sakandare, a Magariya, na zo gida vakansi, hutun makaranta ke nan. Zaman banza ya ishe ni, sai na ƙirƙiro wani abu. Na samu doguwar sanda, na yi mata zane da ragowar fenti: nan idon sawu, nan gwiwa, nan ƙugu, nan ƙirji. Na kafa ta a mashiga. Na buɗe gurup a waya na zuba duk wanda na sani a ciki. Kullum da safe in je in duba sanda, in saki bokal, wato saƙon murya, don yawancin mutanenmu da kunne suke karatu. Kafin mako biyu na yi suna. Masu kabu-kabu suna ɗaga mini hannu, mata a bakin rijiya suna ce mini mushen ruwa, wato malamin ruwa. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye muku ba.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yaba mini ba, shi ne Kaka, mahaifin Baba. Da ƙuruciyarsa shi ne mai fito a koramar nan, da ƙaton gora yake ƙetarar da mutane. Yanzu ƙafa ta gaji, kullum yana gindin wata tsamiya a bakin gaɓa yana tufka igiya.

"Ɗan lakwal, an zo gaida sanda?" haka yake tarbata, wato ɗan boko. "Ta kwana lafiya?"

"Tsoho, zamaninku ya wuce. Yanzu awo ake yi, ba shinshina ba."

"To ta gaya maka inda ruwa yake. Ta gaya maka inda za shi?"

Sai in yi dariya in wuce. Na ɗauka wasan jika da kaka ne kawai.

Ranar kasuwa Baba ya ɗaura shanu tun da sassafe, jan sa da farin sa. Zai sayo tol, kwanon rufi ke nan, da siminti, don ɗakin Inna mahaifiyata yana yoyo. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, korama tana ɗan gudu amma tana ja baya. Ya ƙetare lafiya lau a gabana. Bayan ya haye na danna waya na ce: "Jama'a, yanzun nan ina bakin korama. Ruwa iya gwiwa ne, sauka ma yake. Kowa ya wuce hankali kwance, har amalanke."

Gaskiya na faɗa. Sai dai ban faɗi rana ba, ban faɗi ƙarfe nawa ba. Yanzun nan kawai na ce.

Bayan azahar ina kwance kusa da Kaka a gindin tsamiya, ina kallon bidiyon wasu Turawa da suke faɗawa ruwan duwatsu da ƙananan kwale-kwale, da hular kwano a ka, suna ihu don daɗi. A kanmu rana ce tarwai. Can nesa ta wajen arewa ne kawai sama ta yi baƙi tun hantsi, ko ɗigo bai zo mana ba. Sai na ga Kaka ya ajiye igiya, ya ɗaga hanci.

"Tashi," ya ce. Babu wasa a muryar.

Muka gangara bakin ruwa. Launinsa ya canza, ya koma kamar kunun kanwa. Kumfa tana zuwa fale-fale, ga ƙaiƙayi, ga kashin awaki, ga karan dawa. Kaka ya tsinke wani tsinke ya soka daidai inda ruwa ya tsaya a yashi. Kafin ya gama miƙewa ruwa ya shanye tsinken.

"Ruwan da ya ɗauko sharar gari, zuwa yake," ya ce. "Sa hannu ka ji."

Na sa. Sanyi ƙarara, kamar na firji.

Na duba sandata, ƙugu. Na buɗe waya zan yi magana, na sake dubawa, ya wuce ƙugu. Na saki sabon bokal da sauri na ce kada kowa ya kusanci korama, ruwa ya taso. Na sake sakin wani. A lokacin ban tsorata ba tukuna, har ina jin daɗi ni ne na fara ba da labari.

Sai ga saƙon wani ɗan ajinmu da yake taya yayansa tsaron shago a kasuwar. Ya ce: "Mutumina, wanne za mu ɗauka? Ɗazun nan mai shayi ya kunna bokal ɗinka a teburinsa, ka ce gwiwa. Tsohonka yana wurin, har ya ce wa mutane ai ɗana ne wannan. Ya ɗaura shanu ya tafi tun ɗazu."

Wani ne ya tura wa wani, wanin ya tura wa mai shayi, ya iso masa da rana tsaka kamar sabo. 

Na kira ƙaramar wayar Baba. A kashe. Na sake kira. A kashe. Baba ba ya kunna waya sai in shi ne zai kira, wai kada sarji ya ƙare a banza. Na ce wa abokina don Allah ya nemi ɗan kabu-kabu ya bi shi. Ya ce zai duba, amma Baba ta cikin gonaki yake yankewa, hanyar amalanke, kuma su uku ne hanyoyin. Ina cikin kwatanta masa rezo, wato sabis na waya, ya ɗauke ɗif. Na ɗaga waya sama, na hau tushen tsamiya, na juya gabas na juya yamma. Babu ko sanda ɗaya.

Za ku ce, to ai mutum yana da ido, in ya zo ya ga ruwa sai ya tsaya. Wanda bai san mashigarmu ba ne zai ce haka. Ta wancan ɓangaren hanya gangarowa take cikin wani rami tsakanin gaɓa biyu, faɗinta daidai amalanke ɗaya, kuma tana da kwana. Gefe da gefe rake ne da ciyawa sun fi mutum tsawo. Ba ka ganin ruwa sai ka sha kwanar, kuma in ka sha ta da kaya a bayanka, ba shanu ke jan amalanke ba, amalanke ke tura shanu. Ba juyawa, ba tsayawa. Mai ƙafa zai ji gurnanin ruwa tun daga sama. Amma wanda yake zaune a kan tol, tol yana kwaram-kwaram a ƙarƙashinsa, me zai ji?

Na dubi tsallake, babu kowa. Ranar kasuwa ce, masu lambu duk sun tafi.

Kaka ya fahimta kafin in gama bayani. Bai ce mini ai na gaya maka ba. Da ma ya faɗa, da na fi jin sauƙi. Sai na ga yana kwance maɓallin rigarsa.

"Tsoho, me kake yi?"

"Ɗana ne."

"Da wace ƙafar? Wallahi ba ka shiga. Ni zan je."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Kai? Da babban yatsa za ka yi iyo?"

"Na iya ruwa."

"Ka iya tafki. Wannan ba tafki ba ne."

Ya dubi tsallake, leɓensa yana motsi. Ɗansa yana can, jikansa yana nan, kuma ko wanne ya zaɓa zai iya rasa shi. Ban taɓa ganin tsufansa kamar a wannan lokacin ba. Daga baya ya ce, "Ruga lambun can ka ɗauko bido biyu. Kada uwarka ta gan ka."

Na kawo bido biyu, irin rawayen jarkokin nan na ɗiban ruwa. Ya zazzage su, ya sa leda a bakin kowanne kafin ya murɗa murfi, ya murɗa har jijiyar hannunsa ta fito. Ya haɗa hannayensu da igiyar da yake tufkawa, ya bar tazara daidai ƙirjina. Muka yi sama da bakin gaɓa, nesa da mashiga sosai, yana ɗingishi yana magana ba ya ko kallona.

"A kan igiyar za ka kwanta, ba ɗaura ta za ka yi ba. In abu ya kama bido, ka sake masa. Kada ka nufi tsallake kai tsaye, ruwa ba ya son gardama. Ka ga giginyar can ƙasa? Ita za ka sa a ido. Ka bar shi ya tafi da kai, kai kuma kana satar hanya kaɗan-kaɗan."

"To."

"Kada ka sauke ƙafa. Ko ka ji kamar ƙasa tana kusa, kada ka taka. Yashi zai riƙe ƙafar, ruwa ya kwantar da sauran. Inda ka ga ruwa ya yi sumul ya kumbura, akwai abu a ƙasa, kauce. Gawon can da ya faɗi, in ka shiga rassansa ba mai fito da kai. Ka wuce shi ta dama, ko da me za ka yi. Bayan kwanar giginya ruwa yana komowa baya, nan ne ƙofarka. In ka wuce ta..."

Bai ƙarasa ba. Na tuɓe riga na miƙa masa wayata. Ya karɓe ta da hannu biyu kamar an ba shi garwashi.

"In ta yi kuka fa?"

"Ka lallashe ta, tsoho."

Ya ɗan yi murmushin da bai kai ido ba, ya tofa mini addu'a a ka. Na ce bismillahi na faɗa.

Jama'a, abin da ake gani a bidiyo ƙarya ne, ko kuma rabin gaskiya. Ba a nuna sanyin. Ba a nuna yadda ruwa yake da nauyi, kamar ana jifanka da buhunan yashi. Kafin in yi numfashi biyu tsamiyar Kaka ta koma bayana. Ruwan yana tashi yana faɗawa kamar tozon shanu a jere, in hau wannan in faɗa ramin wancan, kowanne ya mare ni a fuska. Na sha, na tofar, na sake sha. Yashi a haƙora. Ina ta yaƙi da hannu biyu, bido suna bugun haƙarƙarina. Wani dannin gona guda ya zo ya wuce ni, da ƙayarsa da komai. Bayansa mushen akuya, ƙafafu a sama.

Giginya ta ɓace mini. Na ɗaga kai na neme ta, ruwa ya juya ni ina kallon inda na fito. Na hango Kaka ƙarami can nesa yana wurga hannu ta dama, ta dama. Na juyo, sai ga gawon nan a gabana, rassansa a cikin ruwa kamar yatsu, ruwa yana ratsa su yana fito. Kuma kai tsaye can ake kai ni.

Ban san addu'ar da na yi ba. Na dai san na kwanta ta gefe ɗaya ina haƙar ruwa da duk abin da Allah ya ba ni. Bidon hagu ya taɓa reshe, na ji igiya ta ja, ta tsaya, ruwa ya fara hawa bayana. Zuciyata ta ce taka ƙasa, taka! Ƙafata har ta fara sauka. Na tuna, na naɗe ta. Na kai hannu zan saki igiya, sai reshen ya karye ƙaras, na fita ta gefe kamar an harba ni. A nan ne gwiwata ta gamu da kututture, takalmi ya tafi. Ban ji zafi ba sai daga baya.

Sai ga giginya a kaina. Na ga wurin da Kaka ya faɗa, inda kumfa take zagayawa tana komawa sama. Na kusa wuce shi. Na miƙa hannu ɗaya cikin ruwan mai komowa, ya kama ni ya juya ni kamar faifai, sai na ji komai ya yi laushi. Na damƙi ciyawa na ja jiki na fita. Na yi amai. Na bar bido a nan na kama gudu.

Daga giginya zuwa kan hanya ta cikin rake ne, ganyensa yana yanka ni, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Ina gudu ina saurare. Babu komai sai ruwa. Na ce ko ya riga ya shiga ne ban gani ba? Ko tun ina fama da gawo amalanke ta wuce ta bayana? Wannan tunanin ya fi ruwan muni. Sai na ji shi. Kwaram. Kwaram-kwaram.

Na faso kan gaɓa, amalanke tana ƙasa da ni, ta riga ta fara gangara, saura kaɗan kwana. Na yi ihu, Baba bai ji ba. Na diro cikin ramin a gaban shanu, na cafki igiyar hancin jan sa, na ja kansa cikin bangon yashi da duk nauyina. Ya yi bori, farin ya turje, amalanke ta karkace, taya ta nutse a bango ta ci. Tol ya zamo gaba ya tsaya. Komai ya tsaya.

Baba ya ɗaga bulala. "Kai wane mahaukaci ne?"

Laka ce tun daga gashina har ƙafa, bai gane ni ba.

"Baba, ni ne. Ruwa. Ruwa ya taso."

"Ba kai ka ce gwiwa ba? Da kunnena na ji ka."

"Na safe ne, Baba."

Ya sauko, ya miƙa mini igiyar farin sa, ya taka zuwa kwana ya leƙa. Ya daɗe a tsaye. Da ya dawo fuskarsa ta canza. Ya dubi gwiwata mai jini, ya dubi wandona yana ɗiga.

"Ta ina ka biyo?"

Na nuna da haɓa.

Sai ya zauna daɓas a kan yashi, a tsakiyar hanya. Ni ban taɓa ganin Baba ya zauna a ƙasa haka ba tabarma ba.

"Kakanka ya sani?"

"Shi ya ɗaure mini bido."

Ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, a hankali, sau biyu. Daga nan ya tashi ya ce in riƙe shanu da kyau. Muka sauke tol ɗaya bayan ɗaya, muka sauke siminti, muka kwance shanu muka fitar da su, muka tura amalanke baya da kafaɗa har kan tudu.  Muna gamawa sai ga ɗan kabu-kabun da abokina ya turo, ya bi hanyoyi biyu bai same shi ba, sai a ta uku. Shi muka bari a saman gangara yana tare masu dawowa daga kasuwa.

Muka sauka da ƙafa har bakin ruwa don a gan mu. Tsallake ya cika da mutane, Inna a gaba ba ko mayafi. Kaka yana tsaye a gefe shi kaɗai, ya ɗaga wayata sama da hannu biyu, ban san ko nuna mini yake ba ta jiƙe ba, ko ya manta tana hannunsa. Sandata kuwa babu ita babu alamarta.

A gidan Gwaggo muka kwana, a wani ƙauye ta wancan ɓangaren. Washegari da hantsi ruwa ya faɗa muka ƙetare. Inna ta dungure mini kai har sau uku tana kuka, sannan ta kawo mini fura. Baba kwana biyu yana gaida Kaka a tsaye, ba ya zama, don haushin ya bar ni na shiga ruwa. Kaka kuma ya samu abin tsokana, duk wanda ya zo sai ya ce masa ɗan lakwal ya sha rabin korama shi ya sa ta sauka.

Ni na yi ta jiran faɗan Baba a kan bokal ɗin, bai zo ba. Muna kan ɗakin Inna muna buga tol, ina miƙa masa ƙusa, sai ya ce ba tare da ya dube ni ba: "Da muryar wani ce, da na tsaya a sama na sauka na duba."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Na gwammace bulalar.

To ga abin da ya sa na zauna na rubuta duk wannan. Na goge bokal ɗin a wayata, na goge a gurup, amma yana nan a wayoyin mutanen da ban ma sani ba. Jiya wani daga wajen Yekuwa ya turo mini shi, wai in ji labarin koramarmu, bai san ni ne mai maganar ba. Damina ba ta ƙare ba, yau ma arewa ta yi baƙi. In kun ji muryar wani saurayi yana cewa yanzun nan ruwa iya gwiwa ne kowa ya wuce har amalanke, tsohuwa ce, ku goge ta. Duk bokal ɗin ruwa da bai faɗi rana da ƙarfe ba, kada ku hau kansa, ko muryar wa kuka ji. Ku tsaya a sama, ku sauka da ƙafa ku gani da idonku.

Don Allah ku tura wannan gaba. Wanda bai iya karatu ba ku karanta masa, musamman masu amalanke.